Gajiyar da Hutun Zango Ba Ya Maganinta: Halin da Malaman Wudil Suke Ciki

 

Sharhinmu na yau a kan malaman makaranta yake, musamman na firamare da ƙaramar sakandare. Sau biyu aka saba tunawa da malami a ƙasar nan. Na farko ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, a yi masa kirari, a raba lambobin yabo. Na biyu ranar da sakamakon jarrabawa ya fito babu kyau, a yi masa ca. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ba kasafai ake tambayar yadda yake kwana da yadda yake tashi ba, kuma abin da nake so mu duba ke nan.

Akwai wata irin gajiya da take kama malamai, wadda barcin dare ba ya kore ta, hutun ƙarshen mako ma ba ya kore ta. Ko dogon hutun damina aka yi, ranar da aka koma makaranta malamin zai ji kamar jiya ya bar ajin. Duk mai zama da malamai, a majalisa ko a ofishinsu, ya san kalamanta. "Wallahi koyarwar nan ta fita daga raina." "Ni yanzu lissafin ritaya kawai nake yi." "Da zan samu wata hanya, gobe zan ajiye alli." Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne idan aka zo maganar yaran da suka kai aji biyar ba su iya haɗa baƙi ba, sai malami ya kaɗa kai ya ce, "A bar su su wuce, sa gane a gaba." Sau da yawa mai faɗin wannan magana shi ne wanda shekara goma da suka wuce yake tsare yara bayan an tashi, yana maimaita musu darasi ba tare da wani ya ba shi sisi ba.

Masana sun daɗe da gane wannan yanayi. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin New York: suna farawa da zafin nama, kafin a jima jikinsu ya mutu, su koma jin haushin marasa lafiyar da suka zo taimakawa. Daga baya wata masaniya, Christina Maslach, ta fitar da ma'aunin gwada shi a 1981, kuma har yau ana amfani da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da cewa sakamako ne na matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma kawo alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara yi masa kallon banza, sannan ƙwazon da aka san shi da shi ya ragu. Ku lura da inda hukumar ta ajiye tushen matsalar. A wurin aiki ta ajiye shi, ba a halin ma'aikacin ba. Mu kuwa a nan da zarar mun ga waɗannan alamomi sai mu ce lalaci ne, ko rashin tsoron Allah, mu wuce.

Kuma idan akwai garin da bai kamata ya yi wa malami wannan gurguwar fahimta ba, to Wudil ne. Garin nan ya yi suna da kasuwar shanu ta ranar Juma'a da kogi da gada, amma ya yi suna da makarantu ma. Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta yaye malaman da suka riƙe makarantun tsohuwar jihar Kano shekara da shekaru. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a makarantar koyon sana'a ta Wudil. Malam Ibrahim Shekarau a Wudil ya fara aiki a 1978, yana koyar da lissafi a kwalejin fasaha ta gwamnati, kafin ya zama gwamna, ya zama ministan ilimi. Ga Kwalejin 'Yan Sanda ta ƙasa, ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara karatu a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ɗalibai suna zuwa daga kowace jiha su yi digiri a Wudil. Tambayar ita ce, yaron Utai ko na Indabo ko na Lajawa, wa zai koya masa karatun da zai kai shi ƙofar wannan jami'a da take bayan gidansu, idan malaminsa na aji uku ya riga ya sare?

Mu fara da cikin aji, don a nan abin yake farawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A jihar Kano ba baƙon abu ba ne ka leƙa aji ka tarar da yara ɗari ko fiye, musamman tun da aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka ƙaru, azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Ba ni na faɗa ba, gwamnati ce da bakinta. Ranar 8 ga Yunin 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya ce ɗalibai miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu fiye da 400 da malami ɗaya ne yake koyar da kowane aji da kowane darasi.

Mai sauraro, ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. A ce aji yana da yara ɗari, darasi kuma minti 40 ne. Ko da malamin bai yi bayani ba, bai rubuta komai a allo ba, ya raba lokacin tsakanin yaran, kowane yaro ba zai samu rabin minti ba. Ya ba su aikin gida, ya ce zai duba kowane littafi a minti biyu kacal: minti 200 ke nan, awa uku da minti ashirin, a kan darasi ɗaya, a aji ɗaya. Malamin da yake da azuzuwa huɗu fa? Don haka zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya riƙa kwasar littattafai zuwa gida yana maki har tsakar dare da fitilar waya, ko ya daina ba da aikin. Mai kishi yakan zaɓi na farko, ya yi shekara biyu, uku, biyar a haka. Wata rana sai jiki ya ce ya isa. Daga nan ya koma na biyu, kuma abin baƙin cikin shi ne ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, wannan sanin kuma yana cinsa fiye da aikin.

Shi ya sa nake cewa wannan gajiya ta fi kama malaman kirki. Wanda tun farko bai ɗauki aikin da muhimmanci ba, babu abin da zai ƙone a ransa. Wanda ya shigo da niyyar gyara, shi ne yake tsayawa gaban yara ɗari yana ɗaga murya har ta dushe, cikin zafin bazara, ƙarƙashin rufin kwano babu silin, ƙurar alli tana shiga maƙogwaro. Shi ne yake sayen alli da jan biro daga aljihunsa. Shi ne hedimasta yake ƙara wa aji idan wani bai zo ba, don an san ba zai ƙi ba. Tamkar rijiya ce da ake zura wa guga dare da rana, ba a barin ruwanta ya taru, ba a yashe ta, ranar da guga ya fito da laka kuma a ce rijiyar ce ba ta da kirki.

Sai maganar aljihu, wadda ba ta rabuwa da ta aji. Akwai malaman da suke zaune a cikin garin Wudil aka tura su ƙauyukan Kausani ko Achika ko Dankaza, akwai kuma masu tasowa daga birnin Kano kullum. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Malamin da yake zuba mai a babur don ya je aiki ya ga kuɗin hanya yana cinye kason da ya ware wa cefane. Gaskiya ne gwamnatin jiha ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 a Oktoban 2024, kuma wannan ya rage raɗaɗi. Amma duk mai zuwa kasuwa ya san tsadar kayan masarufi ta riga albashin yin gaba.

Saboda haka da wuya ka samu malamin da koyarwa kaɗai yake yi. Wannan da an tashi sai gona, ko lambu a bakin kogi. Wancan ya ɗauki babur ya yi acaɓa har magariba. Wani ya wuce Islamiyya, daga nan ya je lesin gidan masu hali. Ranar Juma'a wani yana Allah-Allah a tashi ya shiga kara ko ya samu na dillanci. Babu abin kunya a neman halak, kuma ban kawo wannan don zargi ba. Abin da nake so a gani shi ne, mutumin nan bai da lokacin da zai zauna ya tsara darasin gobe, balle ya huta. Yana shiga aji da gajiyar jiya, ya fita da ta yau, ya ɗora.

Malamai mata kuwa nasu ya ninka. Malama takan tashi tun asuba ta ɗora abin kari, ta shirya yaranta, ta goya jariri ta tafi makaranta, ta yi fama da 'ya'yan mutane har azahar, ta dawo ta tarar da girki da wanki suna jiranta. Da dare ne za ta buɗe rijista da littafin tsara darasi. Muna ta kiran a ƙara malamai mata don iyaye su saki jiki su bar 'ya'yansu mata a makaranta, kuma kira ne mai kyau, amma ba mu cika tambayar yadda waɗanda suke ciki suke jurewa ba.

Akwai kuma abin da ya fi rashin kuɗi karya zuciya, wato mutum ya ga ƙoƙarinsa da rashin ƙoƙarinsa duk ɗaya ne. Koke-koken da malamai suka fi yi a nan ba ɓoyayyu ba ne: ƙarin girma ya makara, ko takarda ta fito kuɗin bai biyo baya ba, wanda yake da uwa a gindin murhu ya zauna a makarantar cikin gari inda malamai suka yi yawa, wanda ba shi da kowa a tura shi inda zai riƙe azuzuwa uku shi kaɗai. Sannan malami yana kallon waɗanda suka koyar da shi, sun yi ritaya, suna jiran giratuti shekara da shekaru. Bashin ya taru ya kai biliyoyin naira a jihar nan, gwamnati mai ci ta fara biyansa kashi-kashi tun ƙarshen 2023, kuma muna fatan a kammala. Amma matashin malamin da ya ga tsohon hedimastansa yana yawo da fayil, ya riga ya karanta makomarsa.

A Ranar Malamai ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawura masu daɗin ji: tsarin albashi na musamman, alawus ga masu koyarwa a karkara, gidaje masu sauƙin kuɗi. Wanda ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Sauran kuwa ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kokawa cewa akasarinsu ba su sauka ƙasa ba. Ƙarin shekara biyar alheri ne ga wanda yake da sauran ƙarfi. Ga wanda ya riga ya gaji, in ba a rage masa kaya ba, an tsawaita masa wahala ne kawai.

Na san wani mai sauraro yana can yana cewa, "To ai akwai malaman da da gaske ba sa aiki. Akwai waɗanda ba su san abin da suke koyarwa ba." Haka ne, akwai su, kuma ba zan kare su ba. Akwai wanda siyasa ce ta ba shi aikin, akwai mai zuwa ya sa hannu ya ɓace. A hukunta su, haƙƙin yara ba abin wasa ba ne. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka sallami kusan 22,000. Amma jarrabawa tana auna abin da malami ya sani ne, ba ta auna abin da ya rage masa na ƙarfi. Sifeto zai iya kama wanda bai zo ba. Wanda ya zo, ya sa hannu ƙarfe bakwai da rabi, ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa, ya koma gefe ya zauna yana kallon taga, wannan babu rijistar da za ta nuna cewa an rasa shi. Kuma a ganina irin wannan rashi ya fi na masu ajiye aiki yawa, ya fi shi illa, don wanda ya tafi ana iya cike gurbinsa, wannan kuwa a takarda gurbinsa a cike yake.

Yara su ne suke biyan kuɗin. Malamin da ya gaji ba shi da haƙurin maimaita bayani sau uku, bulala ta fi kusa da hannunsa. Ba zai lura da yarinyar da ta daina zuwa ranar kasuwa ba, ko yaron da ba ya ganin allo daga baya. Uba ya ga ɗansa ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya rubuta sunansa ba, sai ya ce gara ya bi shi gona ko kiwo. Haka muke ƙara yawan yaran da ba sa zuwa makaranta da hannunmu, alhali muna kashe kuɗi wajen dawo da su.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a kan malamai ya nuna duniya tana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma yawan malaman firamare masu barin aiki ya kusan ninkawa tsakanin 2015 da 2022. Har a ƙasashe masu arziki malamai suna gudu. Bambancin shi ne namu ba su da inda za su gudu, sai su zauna.

An fara wasu abubuwa, kuma adalci ne a faɗa. An mayar da malaman shirin inganta ilimi na BESDA fiye da dubu biyar ma'aikatan dindindin, an ware wa ilimi kaso mafi tsoka a kasafin kuɗin jiha, ana gyaran azuzuwa. Amma gini ya fi saurin bayyana a hoto fiye da sauƙin da malami ya samu, don haka hankalin shugabanni yakan fi karkata can. Aji mai sabon fenti da yara 120 da malami ɗaya, har yanzu aji ne da zai cinye malaminsa.

Ga shugabannin makarantu ina da roƙo, ranku ya daɗe. Ku daina jibga wa mai ƙoƙari kaya don kawai ba ya musu. Ku raba aiki da adalci. Idan kun ga malamin da kuka sani da himma ya fara makara, ya fara faɗa da yara, ya daina shiga hira, kafin ku rubuta masa takardar tuhuma ku kira shi gefe ku ce, "Malam, lafiya kuwa? Me yake faruwa?" Wani lokaci abin da zai fito daga bakinsa zai sa ku yi shiru.

Iyaye da kwamitocin kula da makarantu (SBMC) da ƙungiyoyin iyaye da malamai, ba sai kuna da kuɗi za ku taimaka ba. A da, malamin da aka turo ƙauye mai gari ne yake ba shi masauki, a ba shi gona aro, da kaka a kai masa dami. Wannan bai gagari garuruwanmu a yau ba. Ɗaki ɗaya da aka ba malamin da yake zuwa daga nesa zai iya cire masa kuɗin mai na wata guda. Kuma don Allah a daina zuwa makaranta ana ci wa malami mutunci a gaban ɗalibansa. In akwai ƙorafi, ofishin hedimasta a buɗe yake.

Ku kuma malamai, 'yan uwana, an daɗe ana ce muku ladanku yana lahira. Muna fatan Allah Ya ba ku shi ninkin ba ninkin. Amma haƙƙinku na duniya ma haƙƙi ne, kuma neman sa ba rashin tawakkali ba ne. Idan barci ya ƙaurace muku, ciwon kai ya ƙi tafiya, zuciya tana bugawa, ko kun ji komai ya fita daga ranku har abin ya bi ku gida, kada ku tsaya shan maganin kemis kuna cewa gajiya ce. Ku je babban asibitin Wudil a auna jininku, ku faɗa wa likita gaskiyar abin da kuke ji. In ta kama a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen likitocin damuwa, ku je, babu abin kunya a ciki.

Abu na ƙarshe ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB), kuma ba ya buƙatar kasafi na musamman. Wudil mazaɓu goma ce. Kafin a sake yin canjin wuraren aiki, a zagaya makarantun Darki da Dagumawa da Sabon Gari da sauran, a ƙirga yaran da suke zama a kowane aji da malaman da suke shiga da gaske, ba waɗanda suke cikin takardar albashi ba. A liƙa sakamakon a bangon sakatariya kowa ya gani. Daga nan duk sabon malamin da aka ɗauka a fara tura shi inda malami ɗaya yake riƙe da makaranta, a kuma haɗa masa da alawus na hanya da zai sa ya iya zama.